Ciwon da Ya Raba Ni da Aikin Ƙarfi, Ya Sa Na Koma Horar da Ɗaliban Likitancin Dabbobi

Assalamu alaikum. Ni likitan dabbobi ne, kuma kusan duk rayuwata ta aiki a karkara na yi ta, inda likita ɗaya ke duba saniya da doki da tunkiya da kare da kaza, ba shi da damar ya ce ga wadda ya ƙware a kai. Na daɗe ina ƙin rubuta wannan labari, domin akwai wuraren da in na tuna har gobe zuciyata kan yi nauyi. Wani ɗalibina ne ya matsa mini, ya ce abin da nake gaya musu a cikin mota tsakanin wannan garke da wancan bai kamata ya tsaya a kunnen mutum biyu ko uku ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba, mutum ne ko makaranta ko asibiti.

Mahaifina yana da 'yan dabbobi, ba su da yawa, amma da su ake biya mana kuɗin makaranta. Ina ƙarami wata karsanarmu ta kwana tana naƙuda, maraƙin ya ƙi fitowa. Maza suka taru suka yi ta ja da igiya har gari ya waye, ba wanda ya san abin da ke ciki, ba kuma wanda za a kira. Ta mutu, ɗan ma ya mutu. A wannan shekarar yayana ya bar makaranta, bai sake komawa ba. Tun daga lokacin na san mutuwar dabba a gidan talaka ba ta tsayawa a kan dabbar.

Na shiga jami'a, na yi karatu da gaske, na fito da sakamako mai kyau. Amma ranar da na fara tsayawa ni kaɗai a gaban saniya maras lafiya, mai ita na kallona, sai na ga duk abin da ke kaina ya ƙi saukowa hannuna. Allah Ya haɗa ni da wani dattijon likita da ya ɗauke ni aiki. Yana cikin waɗanda suka yi yawon allurar bushiya, cutar da ta taɓa share garkunan shanu a nahiyoyi da dama, wadda a 2011 aka sanar da cewa an kawar da ita daga doron ƙasa, ta zama cuta ta biyu da ɗan Adam ya ga bayanta bayan agana. Mutum ne mai ƙarancin magana. Yana aiki kana kallo, in ka yi tambaya ya ce ka ci gaba da kallo. Na koyi abubuwa da yawa a wurinsa, Allah Ya jiƙansa, amma na koye su a hankali ƙwarai, kuma da tsoro.

Wanda bai taɓa yin aikin karkara ba, da wuya ya gane nauyinsa. Da asuba kana zura hannu ta duburar saniya kana duba ko tana da ciki, da hantsi kana ɗinke kare, da azahar an kawo kaji suna mutuwa, da daddare kuma an kira ka ga doki yana birgima saboda murɗar ciki. Kowace dabba da nata tsarin. Allurar zailazin da ake kwantar da dabba da ita, saniya kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da doki ke ɗauka take buƙata a kan kowane kilo, in ka ba ta ma'aunin doki kana iya kashe ta. Monensin da ake sa wa a abincin shanu da kaji guba ne ga doki. Farasitamol na kashe kyanwa. Tunkiya ba ta jure sinadarin jan ƙarfe da yawa a abinci kamar yadda saniya ke jurewa. Doki ba ya amai, shi ya sa ciwon cikinsa ba a kwana da shi. Duk wannan kana riƙe da shi a ka, ga gajiya, ga tafiya mai nisa, ga rashin abokin shawara. Duk da haka ina son aikin, kuma ina alfahari da ƙarfina. An san ni da cewa babu haihuwar da za ta gagare ni.

Ciwon ya fara ne da zazzaɓi na yamma. Da safe sai in tashi garau in tafi aiki, rana na yin sanyi sai jiki ya ɗauki zafi, da daddare kuma in jiƙe da gumi har sai maiɗakina ta canza zanen gado. Aka yi mini maganin zazzaɓin cizon sauro, ya lafa, ya dawo. Aka yi na taifod, ya lafa, ya dawo. Na rame, abinci ya fita raina, gaɓoɓina suka riƙa ciwo, daga baya ciwon ya tattara ya zauna a ƙuguna da ƙasan bayana. Watanni suka shuɗe a haka. Wata rana ina zaune a gaban wata likita a wani asibiti, ta ajiye alƙalaminta ta ce, "Yallaɓai, wane aiki kake yi?" Da na gaya mata, sai ta tambaya ko na yi aiki a garken da shanu ke ɓari. Kafin ta rufe baki na san inda ta dosa. Kafin zazzaɓin ya fara, na yi aiki a wani garke da shanu suka yi ta ɓari a watannin ƙarshe na ciki, mabiyiya na maƙalewa, ni ne kuma na riƙa cire ta. Ina sanye da doguwar safar hannu, amma ruwan haihuwa ya sha fantsar mini a fuska.

Gwajin jini ya tabbatar da bakkale, cutar da a likitance ake kira burusela. Na san ta sarai a takarda. Na san David Bruce ne ya gano ƙwayarta a tsibirin Malta a 1887, na san wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Denmak, Bernhard Bang, ya gano nau'in da ke sa shanu ɓari a 1897. Na san tana shiga jikin mutum ta ƙujewar fata, ta ido, ta numfashi, ko ta madarar da ba a dafa ba. Amma zazzaɓinta yana kama da na cututtuka da yawa, yana zuwa yana komawa, shi ya sa take daɗewa a jikin mutum kafin a gane ta. Wanda aka gano tasa da wuri, makonni 6 na dokisaikilin da rifamfisin kan wadatar. Tawa ta riga ta shiga ƙashin baya, don haka sai da na yi watanni ina shan magani, har da allurai. Ƙwayar cutar ta mutu, Alhamdulillahi, amma ɓarnar da ta yi wa ƙashin ba ta gyaru ba. Likitan ƙashi ya gaya mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa na gama ɗaukar nauyi, na gama durƙuso na tsawon lokaci, na gama jan maraƙi.

Wannan lokacin ne ya fi kowane tsanani a rayuwata, kuma ba ciwon jikin ne ya fi ci mini rai ba. Waya za ta yi ƙara da tsakar dare, in ɗauka, in ji muryar mutumin da na shekara ina yi wa aiki yana cewa saniyarsa ta kasa haihuwa, ni kuma ina kwance ko juyi ba na iya yi sai an taimaka mini. In ba shi haƙuri. In ajiye wayar in zura wa rufi ido har asuba, ina lissafin abin da ke faruwa da saniyar a wannan sa'a. Babu wani likita kusa da zan tura shi wurinsa. Sannu a hankali wayar ta rage ƙara, wannan shirun kuma ya fi kiran ciwo. Kuɗi suka ƙare. Na daina son ganin mutane, masu zuwa dubiya ma sai in ce a ce ina barci. Na yi fushi da jikina, na kuma ji kunyar 'ya'yana. Wata rana na ce wa maiɗakina zan rufe asibitin in sayar da kayan aiki. Ba ta yi mini gardama ba. Ta ce, "Baban yara, bayanka ne ya samu matsala. Abin da ka sani fa, shi ma ya tafi?" Ban ba ta amsa ba, amma maganar ta zauna mini.

Ana cikin haka wani abokin karatuna da ke koyarwa a wata jami'a ya kira ni. Ya ce suna neman inda za su riƙa tura ɗaliban shekarun ƙarshe su ga aikin karkara, domin yawancinsu suna kammalawa ba su taɓa karɓar haihuwar saniya ba. Ya aiko mini da takardar abubuwan da ake so ɗalibi ya iya, irin jerin da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta fitar a 2012 na abin da ya kamata sabon likita ya iya tun ranarsa ta farko a bakin aiki. Da na amsa masa, ba son koyarwa ne ya ja ni ba. Ina neman hannu ne da baya mai lafiya da zai ɗaga abin da na kasa ɗagawa.

Ɗalibin da aka fara turo mini yaro ne mai natsuwa, ɗan birni, bai taɓa kwana kusa da garke ba. A makonnin farko ina ba shi riƙon igiya da wanke kayan aiki, kamar yadda aka yi mini. Sai wani dare aka kira mu ga saniyar da ta daɗe tana naƙuda, kai da ƙafa ɗaya sun leƙo, ɗayar ƙafar babu. Muka isa. Na dubi saniyar, na dubi ƙasan da zan durƙusa, na san ba zan iya ba. Na sa aka kawo mini kujera na zauna kusa da ita, na ce wa yaron ya wanke hannu, ya sa safa da tabarau.

Mai saniyar dattijo ne. Ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce, "Likita, wannan yaron ne zai sa hannu?"

Na ce, "Baba, ɗalibi ne, ba zan ɓoye maka ba. Hannunsa ne zai shiga, amma duk abin da ya faru a wuyana yake. In ba ka amince ba, sai mu tsaya."

Ya yi shiru, ya dubi saniyarsa, ya ce, "To, Allah Ya ba da sa'a."

Yaron ya zura hannu, jikinsa na rawa. Na ce, "Ɗana, kada ka ja komai. Gaya mini abin da kake ji." Ya ce yana jin kai, yana jin harshe, kuma da ya taɓa harshen ya motsa. Na ce maraƙin na da rai ke nan, muna da lokaci. Na ce ya lanƙwasa gaɓoɓi biyu na ƙafar da ta fito ya gaya mini inda suke karkata. Ya ce duka gefe ɗaya. Na ce ƙafar gaba ce, da ta baya ce da sun saɓa wa juna. Na sa ya ɗaura mata igiya don kada ta ɓace mana, sannan ya jira nishin saniyar ya lafa, ya tura maraƙin baya a hankali don a samu fili. Ya yi, ta sake nishi ta matse masa hannu, ya ce, "Malam, ba zan iya ba." Na ce ya tsaya cak, kada ya yi kokawa da ita, nishin zai wuce. Da ya wuce ya bi wuyan maraƙin zuwa kafaɗa, ya gangara har ya sami gwiwar da ta lanƙwashe ta koma baya. Na ce ya ɗaga gwiwar sama, ya rufe kofaton da tafin hannunsa kafin ya jawo shi, domin in kofaton ya karce mahaifa ya huda ta, mun rasa uwar. An daɗe. Gumi na zuba masa, ni ma ina zaune hannuwana na motsi da kansu. Can sai ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ta fito." Mutum biyu suka ja tare da nishinta, ba fiye da haka ba, suna karkatar da jan zuwa ƙasa. Maraƙin ya faɗo. Na sa ya share masa majina, ya sosa masa hanci da tsinken ciyawa har ya yi atishawa, ya shafa aidin a cibiya, ya sake zura hannu ya duba ko akwai na biyu ko wata yagewa, sannan ya tabbatar maraƙin ya sha dakashi kafin mu tafi, don a sa'o'i 6 na farko ne hanjinsa ya fi ɗaukar kariyar da ke ciki, bayan kwana ɗaya kuwa ƙofar ta rufe.

A hanyar komawa yaron bai ce uffan ba, ni ma haka. Abubuwa biyu ke kai-komo a zuciyata. Akwai kishi, ba zan musa ba, domin aikin da aka san ni da shi ne wani ya yi ina zaune. Akwai kuma wani abu da ban taɓa ji ba: a dare ɗaya yaron nan ya koyi abin da ni sai da na daɗe ina kallo daga gefe kafin a bar ni in taɓa. Da bayana lafiya lau yake, da na ture shi na yi aikin cikin 'yan mintoci, shi kuma ya koma makaranta da labarin ƙwarewata kawai. A daren na gane cewa likita mai ƙarfi da sauri yana iya zama shinge tsakanin ɗalibi da dabba ba tare da ya sani ba.

Daga nan na sake tsarin aikina gaba ɗaya. Tunda ba zan iya nunawa da hannu ba, dole na koyi faɗin abin da hannuna ya sani, kuma wannan ya ba ni wuya fiye da yadda na zata. Yaya za ka bayyana wa mutum yadda fatar mahaifa ke sulɓewa tsakanin yatsu a saniyar da cikinta ya ɗan wuce wata ɗaya? Ko yadda jijiyar mahaifa ke karkarwa a ƙarƙashin yatsa in ciki ya tsufa? Sai na riƙa zama da daddare ina tunanin kalmomin da zan yi amfani da su gobe.

Yanzu in mun isa garke, ɗalibi ba ya taɓa dabba sai ya tsaya daga nesa ya gaya mini abin da ya gani. Tana tuƙa? Ta ware daga 'yan uwanta? Yaya kashinta, yaya numfashinta, yaya sauran suke? Sannan ya gaisa da mai dabbar yadda ya kamata, ya tambaye shi, ya kuma saurara, domin mutumin da ke kwana da tashi da dabba ya ga abin da ma'aunin zafi ba zai nuna ba. Ina matsa musu su tambayi maganin da aka riga aka ba ta, ba da sigar tuhuma ba, in ba haka ba za a ɓoye musu. Bayan nan ne zai auna zafi, ya san na saniya yana tsakanin 38 da 39 da ɗan ɗori, na kaza kuwa 41 ba zazzaɓi ba ne. Ya sa abin saurare a kwiɓin hagu ya ƙirga motsin tumbi. Sai ya faɗi abin da yake zato kafin in buɗe baki. In ya kauce, nakan yi masa tambayar da za ta dawo da shi, amma a gaban mai dabba ba na ƙwale shi. Gyara mai zafi sai mun shiga mota.

Akwai abubuwan da ba na sassauci a kansu. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, baƙin jini da bai daskare ba yana fita ta hanci ko dubura, ba a farke ta, ba a feɗe ta, don mai yiwuwa cutar saifa ce ta kashe ta, kuma ƙwayar cutar in ta sha iska takan zauna a ƙasa shekaru masu yawa. Kalsiyam ga saniyar da ta kwanta bayan haihuwa a hankali ake zuba shi a jijiya, ana sauraron zuciya, gaggawa na iya tsayar da ita. Duk antibayotik da aka yi wa dabba, sai ɗalibi ya gaya wa mai ita kwanakin da ba za a sha madararta ko a yanka ta ba, ya kuma rubuta. Ba wanda zai bi ni aiki sai ya yi rigakafin haukan kare, tunda kusan duk mutanen da cutar ke kashewa a duniya daga kare suke ɗaukarta, kuma in alamunta suka bayyana sai dai addu'a. Ɗalibar da ke da juna biyu ba ta zuwa haihuwar tumaki, ba ta taɓa allurar furostagilandin, wadda kan jawo ɓari. Safa da tabarau da abin rufe baki kuwa, a wurin haihuwa ko ɓari, ba na yin doguwar lacca a kansu. Nakan ce su dubi yadda nake tashi daga kujera.

Abin da makaranta ba ta cika koya musu ba shi ne maganar kuɗi. Ɗalibi zai zo da magani mafi inganci a littafi, mai akuya kuma ya yi shiru yana kallon ƙasa, don kuɗin ya fi ƙimar akuyar. Da yawansu sukan ɗauka mutumin ba ya tausayin dabbarsa ne. Nakan gaya musu shirun nan na lissafi ne, yana auna akuyar da abin da iyalinsa ke buƙata. Aikinka shi ne ka shimfiɗa masa hanyoyi biyu ko uku da gaskiya, har da cewa wani lokaci sayarwa ko hutar da dabbar ya fi, ka bar shi ya zaɓa ba tare da ka wulaƙanta shi ba. A ganina ɗalibin da bai koyi wannan ba, komai iliminsa, ba zai daɗe a karkara ba.

Ba kowane dare ne ke ƙarewa da maraƙi mai rai ba. Wata ɗaliba, haziƙa ƙwarai, ta yi wa wata tunkiya tiyatar ciro 'ya'ya ina tsaye a kanta. An kawo tunkiyar a makare, 'ya'yan sun riga sun mutu a ciki. Ta yi aikin da kyau, amma washegari tunkiyar ta mutu. Yarinyar nan ta daina magana, ta daina cin abinci sosai, in an kira mu sai ta ce a ba ta riƙon fitila. Na gane halin da take ciki don na san ɗacin ganin kanka ba ka da amfani. Na roƙi mai tunkiyar ya ba mu gawar, na ce, "'Yata, zo mu buɗe mu gani tare." Ta ce tana tsoron abin da za ta tarar. Na ce ni ma zan tsaya, ko me muka gani namu ne mu biyu. Ɗinkinta yana nan daram, bai saki ba. Gubar 'ya'yan da suka ruɓe ce ta riga ta bi jinin uwar tun kafin a kawo ta. Ta zauna ta yi kuka sosai, na bar ta ta yi. Tiyatar da ta biyo baya ita na miƙa wa wuƙar.

Tun daga ranar na mayar da shi ƙa'ida cewa duk dabbar da ta mutu a hannunmu sai mun zauna mun yi maganarta, har da yadda mutum yake ji a ransa. Binciken da aka yi a Ingila da Amurka ya nuna likitocin dabbobi sun fi sauran jama'a faɗawa haɗarin kashe kansu. Ban yi mamaki ba da na karanta. Aiki ne da kake ganin mutuwa kullum, kana yanke hukunci kai kaɗai, ka dawo gida ba wanda za ka gaya wa. Mu an rene mu a kan cewa a yi ta maza a haɗiye. Na ga inda haɗiyewar ta kusa kai ni lokacin da nake kwance, ba na so in miƙa wa yaran nan ita a matsayin gado.

Yawancin ɗaliban da suka ratsa ta hannuna ba su zauna a karkara ba. Wasu sun tafi birni duba karnuka da kyanwoyi, wasu kamfanonin magani, wasu aikin gwamnati. Da farko abin yana yi mini ciwo, yanzu ba na ganin laifinsu. Samun karkara kaɗan ne, kiran dare ba ya ƙarewa, makarantar yara da asibiti suna nesa, ga kaɗaici. Amma na lura da wani abu: waɗanda suka zauna ba lallai su ne 'ya'yan ƙauye ba. Su ne waɗanda aka ba su aiki na gaske tun suna ɗalibai, suka ji daɗin ganin saniya ta miƙe da hannunsu, suka kuma san akwai wanda za su kira in abu ya cije. Saboda haka duk wanda ya bar wurina yana tafiya da lambar wayata, da izinin ya kira ni ko ƙarfe nawa ne. Suna kira kuwa. Sau da yawa sun riga sun san amsar, so suke kawai wani ya ce musu haka ne, ci gaba.

Yau asibitin yana nan a buɗe. Yaron nan na farko ya kammala, ya yi aiki a wani wuri, daga baya ya dawo muka haɗa gwiwa. Shi ke ɗaukar kiran dare da duk aikin ƙarfi, ni ina duba ƙananan dabbobi a kan tebur mai tsawo da aka ƙera mini, ina kuma fita da ɗalibai da rana. Bayana bai warke ba. Lokacin sanyi akwai safiyar da sai an kama ni nake tashi, kuma har yanzu in na ga haihuwa mai wuya raina kan so in cire riga in durƙusa. Ina zuwa asibiti a duba ni lokaci-lokaci, tunda cutar takan dawo wa wasu.

'Yan uwana likitocin karkara da jami'o'i ke roƙo su karɓi ɗalibai suna ƙi, na san dalilinku: ɗalibi na rage saurin aiki, yana cin lokaci, wani mai dabbar ma ba ya so. Duk gaskiya ne. Aikin da zan gama kafin azahar yakan kai mu la'asar. Ina roƙonku ku karɓa duk da haka, kuma in kun karɓa kada ku tsayar da su a riƙon igiya. Ku kuma masu aiki da dabbobi, likita ne ko mahauci ko makiyayi ko ɗalibi, in zazzaɓi ya yi ta zuwa yana komawa, da gumin dare da ciwon ƙugu, ku gaya wa likitanku irin aikin da kuke yi tun kafin ya tambaya, ku nemi a yi muku gwajin bakkale.